Ludayi, Tsintsiya da Tafiyar Ƙafa: Yadda Japan Ke Renon Lafiyar 'Yan Firamare

Da ƙarfe 12 da 'yan mintoci na rana, idan aka tashi daga darasi na huɗu a firamaren gwamnati a Japan, ba a jin gudun yara zuwa bakin ƙofa wajen masu talla. Babu mai alewa, babu mai lemon kwalba, babu kuma yaron da ya zo da kuɗin tara a aljihu, domin galibin makarantu sun hana zuwa da kuɗi ko kayan kwalama. Abin da ake gani shi ne wasu 'yan yara daga kowane aji sun wanke hannu, sun zura fararen riguna, sun sa hula da takunkumi, sun jeru sun nufi kicin. Can za su ɗauko tukunyar miya da ta shinkafa da kwandon kwalayen madara, wasu a hannu, wasu a keken turawa, su dawo aji su tsaya bayan tebur riƙe da ludayi. Sauran 'yan ajin su ɗauki tire su bi layi.

Aikin rabon yana zagayawa, yawanci mako-mako, kuma ko ɗan aji ɗaya ba a ɗauke masa shi ba, sai dai a farkon zango 'yan aji shida kan zo su kama wa ƙannensu. Malamin aji yana zaune cikinsu, abin da suke ci shi yake ci. Ba mai kai loma sai kowa ya samu an yi godiya baki ɗaya. Idan wani bai zo ba aka samu rarar madara ko kayan zaƙi, masu so su fito a raba gardama da wasan hannu na canki-canka. Bayan an gama kowa ya mayar da kwanonsa, a ware shara, a ninke kwalin madara, sannan a ɗauki tsintsiya da tsumma.

Kimanin kashi 99 cikin 100 na firamaren ƙasar suna ba da wannan abinci, kusan sau 190 a shekara. A rahoton da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a 2020 a kan ƙasashe 38 masu arziki, Japan ce ta zo ta ɗaya a lafiyar jikin yara. Kashi 14 cikin 100 na yaranta ne nauyinsu ya wuce kima, alhali a Amurka adadin ya kai kashi 42. Wanda ya bi diddigin lamarin zai tarar cewa ba da huɗuba aka kai nan ba. Japan ba ta tsaya gaya wa yara su ci ganye su yi gudu ba. Ta gina yinin makaranta ne ta yadda yaro ba zai koma gida ba sai ya ci lafiyayyen abinci kuma ya motsa jikinsa, ko ya lura ko bai lura ba.

Daga yunwa aka faro

A shekarar 1889, a garin Tsuruoka da ke lardin Yamagata a arewacin ƙasar, limaman addinin Buddha suna da wata makaranta mai suna Chuai a harabar wurin ibadarsu na Daitokuji, wadda suka buɗe domin 'ya'yan talakawa. Suka lura yara da yawa suna zuwa hannu rabbana, babu ƙunshin abincin rana. Sai limaman suka riƙa bi gida-gida suna karɓar sadaka, abin da aka samu a dafa: dunƙulen shinkafa, gasasshen kifi mai gishiri, da ɗan ganye tsimamme. Daga nan Japanawa ke ƙirga farkon ciyarwa a makaranta. A 1932 gwamnati ta fara sa kuɗinta don ciyar da yaran da iyayensu ba su da hali, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya watsa komai.

Ƙasar da ta fito daga yaƙin a 1945 ƙasar yunwa ce. Birane sun ƙone, abinci sai da kati, yara sun tsumbure. Ranar 24 ga Disamba, 1946, aka yi bikin miƙa kayan agajin gamayyar ƙungiyoyin jinƙai ta Amurka da ake kira LARA a wata firamare a Tokyo, kuma daga Janairun 1947 aka fara ciyar da yara kimanin miliyan 3 a biranen ƙasar. UNICEF ta kawo garin madara a 1949, Amurka ta biyo da alkama. Tsofaffin Japan har gobe suna ba da labarin waccan madarar da aka cire wa mai, wadda wasunsu sai sun toshe hanci suke iya haɗiye ta. Da yake 24 ga Disamba ana shirin tafiya hutun hunturu, sai aka matsar da tunawa da ranar gaba da wata guda. Shi ya sa duk shekara daga 24 zuwa 30 ga Janairu ake makon abincin makaranta, wasu makarantun ma su dafa wa yara irin abin da kakanninsu suka ci.

Da tallafin Amurka ya yanke a farkon shekarun 1950, makarantu da dama suka kashe murhu. Iyaye da malamai suka tashi da neman a yi doka, kuma a 1954 majalisa ta zartar da Dokar Abincin Makaranta. Muhimmin abin da dokar ta yi shi ne ta ajiye abincin a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi a matsayin wani ɓangare na karatu, ba sadakar da za a ba da yau a hana gobe ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Japan ta rubuta wannan a doka tun tana cikin talauci.

Fiye da shekara 20 burodi ne jigon abincin, a ƙasar da shinkafa ce cimarta. Sai a 1976, lokacin da rumbunan gwamnati suka cika da shinkafa har ta yi yawa, aka shigar da ita jadawali a hukumance. Yau ana cin shinkafa sau 3 zuwa 4 a mako, sauran ranakun burodi ko taliya.

Abin da ke cikin tire

Tiren yaro ba ya da wani ado. Akwai kwanon shinkafa, akwai yankan kifi ko kaza ko nama ko awara, akwai ɗan kwaɗon ganye da karas ko ciyawar teku, akwai romon miso, wato waken soya tsimamme da Japanawa ke ɗanɗana miya da shi kamar yadda ake yi da daddawa, sai kwalin madara mai mililita 200. Ranar da aka yi shinkafa da miyar kori ko soyayyen burodi mai sukari, ranar murna ce a aji.

A bayan wannan sauƙin akwai lissafi. Ma'aikatar ilimi ta ƙayyade abin da kowane rukunin shekaru zai samu. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 9 ana nufin ya sami kalori 650, wato kusan sulusin abin da jikinsa ke buƙata a yini, amma sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi rabin buƙatarsa ta yini ake sa masa, saboda an san shi ne ke ƙaranci a girkin gida. Dalilin da ya sa ke nan madara ba ta fashi, ko da kuwa ba ta dace da kifi da shinkafa a baki ba. Gishiri ma da ma'auni ake zuba shi.

Wasu makarantun suna da kicin nasu, wasu kuma daga cibiyar girki ta ƙaramar hukuma ake kawo musu a mota. Kuɗin gini da kayan aiki da albashin masu girki na ƙaramar hukuma ne. Har zuwa 2025, a yawancin garuruwa, iyaye kuɗin cefane kawai suke biya, tsakanin yen 4,000 zuwa 5,000 a wata, marasa hali kuma ana biya musu. Kowane wata ana ba yaro takardar jadawalin abinci ya kai gida, an jera kowace rana da duk abin da aka zuba a tukunya. Uwa ta manna ta a jikin firji don kada ta maimaita da dare abin da aka ci da rana. Iyalan Musulmi mazauna ƙasar ma da wannan takarda suke aiki: ranar da suka ga naman alade, sai su haɗa wa yaro nasa ƙunshin daga gida.

Malamar da fanninta abinci ne

A 2005, zamanin Firaminista Junichiro Koizumi, majalisa ta zartar da wata doka ta ilimin abinci, abin da Japanawa ke kira shokuiku. Abin da ya tayar da hankalin hukuma shi ne yara sun fara zuwa makaranta ba karin kumallo, suna cin abinci su kaɗai a gida, abincin kanti da na gidajen soye-soye yana ture girkin gargajiya. A shekarar ce kuma aka ƙirƙiro muƙamin malamin abinci mai gina jiki, mutum mai shaidar ƙwarewa a fannin abinci da kuma shaidar koyarwa. Yanzu sun haura 6,000 a faɗin ƙasar, mafi yawansu mata.

Malamar ce ke tsara jadawali, ta yi cinikin kayan cefane, ta sa ido a kicin, sannan ta shiga aji da alli. Ƙananan yara da launi uku ake fara koya musu: ja shi ne abin da ke gina jini da tsoka, irin su kifi, nama, ƙwai, wake da madara, rawaya shi ne mai ba da ƙarfi, shinkafa, burodi, dankali da mai, kore kuma ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu daidaita jiki. Ana cikin cin abinci wasu ɗalibai su hau lasifikar makaranta su faɗi sunan abincin yau da inda kabejin ko albasar ta fito. Tun a tsarin farko da aka yi bayan dokar, gwamnati ta sa burin kashi 30 cikin 100 na kayan girki su fito daga lardin da makarantar take, don haka ba abin mamaki ba ne manomin da ya noma karas ɗin ya zo aji ya zauna ya ci tare da yara.

Hannun yara ma yana shiga. 'Yan ƙananan azuzuwa su ke ɓare masara ko wake da safe, da rana su gan shi a kwanonsu. 'Yan aji biyu kan shuka tumatir a tukunyar roba, 'yan aji biyar su shuka shinkafa a bokiti ko a wata 'yar fadama. Daga aji biyar ɗin ne kuma ake fara darasin kula da gida, maza da mata, inda dole kowa ya iya dafa shinkafa da romon miso. Malamai sun daɗe da gane cewa yaron da ya ƙi tattasai a gida yakan ci wanda ya shuka da hannunsa.

Wani shugaban makaranta mai suna Kazuo Takeshita ya ƙara gaba. A 2001, a firamaren Takinomiya da ke lardin Kagawa, ya ware wasu ranaku a shekara da 'yan aji biyar da shida za su zo da abincin da suka dafa da kansu. Sharaɗinsa ɗaya ne: iyaye kada su sa hannu, tun daga tsara abin da za a dafa da zuwa kasuwa har wanke tukunya. Iyaye da yawa sun ji tsoron wuƙa da wuta, amma al'adar ta kama, ta bazu zuwa makarantu sama da 1,000.

Darussan da aka koya da hawaye

Tsarin bai zo da tsabtarsa daga sama ba. A watan Yulin 1996, ƙwayar cutar E. coli samfurin O157 ta ɓarke ta hanyar abincin makaranta a birnin Sakai da ke lardin Osaka. Mutum sama da 9,000 suka kamu, yawancinsu 'yan firamare, ɗalibai 3 suka rasu. Ma'aikatar lafiya ta nuna yatsa ga wani tsiro da ake ci ɗanye, kasuwarsa ta faɗi warwas, har ministan lafiya na lokacin, Naoto Kan, wanda daga baya ya zama firaminista, ya fito gaban 'yan jarida yana cin tsiron don kwantar da hankalin jama'a. Manoman sun kai gwamnati ƙara, kotu kuma ta ba su gaskiya.

Daga wannan musiba aka fito da ƙa'idojin da ake bi yau. Ana soka ma'aunin zafi a tsakiyar abinci a tabbatar ya kai digiri 75 na tsawon minti ɗaya. Kusan duk ganye sai an tafasa shi an huce kafin a kwaɗa. Ana ɗibar samfurin kowane abu, ɗanye da dafaffe, a ajiye a firiza na mako biyu, don in wani abu ya faru a san inda aka samu matsala. Kuma rabin awa kafin yara su fara ci, shugaban makaranta ko mataimakinsa sai ya ci ya rubuta abin da ya ji a littafi.

A Disamban 2012 kuma, a birnin Chofu da ke Tokyo, wata yarinya 'yar aji biyar wadda jikinta ba ya ɗaukar madara ta karɓi ƙarin wata waina da aka sa wa cuku, ta rasu a ranar. Bayan haka ma'aikatar ilimi ta fitar da jagora a 2015: takardar likita ga duk yaron da wani abinci ke tayar masa da ciwo, kwano mai suna ko launi na daban, da horar da malamai yadda ake yin allurar gaggawa.

Motsa jikin da ba a kira shi motsa jiki

Rabin labarin yana kan hanya. Tun shekarun 1950 ƙa'ida ta tanadi cewa firamaren gwamnati kada ta yi wa gidan yaro nisan da ya wuce kimanin kilomita 4, kuma ƙaramar hukuma ce ke nuna wa kowane yaro makarantar unguwarsu. A birane tafiyar ba ta cika wuce minti 20 ba. Wani nazari da aka buga a 2012 a wata mujallar kiwon lafiyar al'umma ta Amurka ya nuna kimanin kashi 98 cikin 100 na yaran Japan a ƙafa ko a keke suke zuwa makaranta. Kai yaro a mota abu ne da makarantu ba sa so, wasu ma sun hana.

Ba sakin yara aka yi sakaka ba. Makaranta ce ke zana hanyar da za a bi. A wurare da yawa yaran layi ɗaya suna haɗuwa a wuri guda, babba a gaba, babba a baya, ƙanana a tsakiya. 'Yan aji ɗaya suna sanye da hula rawaya don direba ya hango su daga nesa. A mararraba akwai iyaye da tsofaffin unguwa masu aikin sa kai riƙe da tuta, a jikin wasu gidaje da shaguna kuma akwai alamar da ke gaya wa yaro cewa in ya ji tsoro ya faɗo nan. Da wani direban babbar mota da ya sha giya ya afka wa yara 5 a garin Yachimata na lardin Chiba a Yunin 2021, biyu suka rasu, gwamnati ta sa aka bi hanyoyin makarantu a duk ƙasar, aka gano wurare masu haɗari sama da 70,000, aka shiga gyara su. Ba a ce yara su koma mota ba.

A cikin makaranta kuma jiki ba ya hutawa. Akwai hutun minti 20 da hantsi, akwai wani bayan abinci, malamai suna kora yara fili. A filin akwai ƙarfen lilo, akwai kekuna masu taya ɗaya jere a bango, lokacin sanyi kuma kowa da igiyar tsallensa da katin da ake cike masa duk salon da ya iya. Sai share-share na kusan kwata ɗaya na awa: a ɗaga tebura, a share, a durƙusa a tura tsumma da hannu biyu daga wannan bango zuwa wancan. Darasin motsa jiki na zuwa kusan sau 3 a mako, minti 45 kowanne.

Da bazara darasin yana komawa ruwa. Yawancin firamaren gwamnati suna da wurin ninƙaya nasu, abin da ake dangantawa da hatsarin jirgin ruwan Shiun Maru na 11 ga Mayu, 1955, wanda ya nutse cikin hazo da mutum 168, 100 daga cikinsu 'yan makaranta da ke yawon buɗe ido.

Ko hutu bai raba su da motsi ba. Tun 1928 gidan rediyon ƙasa ke watsa wani atisaye da sashen inshorar rai na hukumar gidan waya ya ƙirƙiro, bayan ya ga irinsa a Amurka. Wanda ake yi yanzu na 1951 ne: motsi 13 cikin kusan minti 3, da kiɗan piyano, ƙarfe 6:30 na safe. A dogon hutun bazara yara kan fito dandalin unguwa da kati rataye a wuya, a yi tare da tsofaffi, a buga musu hatimi, a ƙarshe a ba da 'yar kyauta. Amfaninsa biyu: jiki ya motsa, kuma yaro bai saba da barcin hantsi ba. Wannan ya yi daidai da gangamin da aka fara a 2006 na kwanciya da wuri, tashi da wuri, da karin kumallo. Sau ɗaya a shekara kuma akwai ranar wasanni, inda makaranta ke rabuwa gida biyu, ja da fari, a yi gudun miƙa sanda da jan igiya da rawa, iyaye da kakanni suna gefe a kan tabarma. Ba a ware gwanaye su wakilci sauran. Kowane yaro sai ya fito.

Duk wannan ana auna shi. Kafin ƙarshen Yuni kowace shekara ana gwada tsawon kowane ɗalibi da nauyinsa, a duba haƙora da idanu, a aika wa iyaye sakamako.

Inda tsarin ke ɗingishi

Rahoton UNICEF ɗin da ya ɗora Japan a kan gaba a lafiyar jiki, shi ne kuma ya ajiye ta ta 37 cikin 38 a kwanciyar hankalin yara. Tsarin da ke sa kowa ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya yana da nauyi a kan wanda ya bambanta. Akwai manya da yawa da ba su manta yadda malami ya tsare su a kan kujera sai sun cinye abin da ransu ba ya so ba, abokai suna waje suna wasa. Hukumomi yanzu suna hana wannan tilas, ana barin yaro ya rage abincinsa kafin a fara ci. Lokacin cin ma gajere ne, sau da yawa bai wuce minti 20 ba bayan an gama rabo.

A fagen wasanni ma an yi gyara. Dalar da yara ke yi da jikinsu a ranar wasanni, wani kan wani hawa-hawa, ta kasance cikin wasannin da ke jawo raunuka sama da 8,000 a shekara, har birnin Osaka ya hana ta a 2016. Zafin bazara ya ƙaru; bayan wani ɗan aji ɗaya ya rasu saboda zafi a birnin Toyota a Yulin 2018, gwamnati ta zuba kuɗi aka sa na'urar sanyaya ɗaki a azuzuwa, makarantu da yawa suka sauya lokacin ranar wasanni. A shekarar ce kuma ma'aikatar ilimi ta ce a bar yara su riƙa ajiye wasu littattafai a makaranta, saboda jakar goyonsu ta yi nauyi.

Waya da allon kwamfuta ba su bar yaran Japan ba. Gwajin ƙarfin jiki da ake yi wa 'yan aji biyar tun 2008 ya faɗi zuwa mafi ƙarancin maki a 2022, bayan zaman gida na annobar korona, lokacin da har hira a kan abinci aka hana, kowa ya fuskanci allo ya ci shiru. Fiye da ɗaya cikin uku na 'yan firamare idonsu ba ya gani sosai daga nesa. Talauci ma yana nan: alƙaluman 2021 sun nuna kashi 11.5 cikin 100 na yara suna cikin gidaje masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda hutun bazara ke zame musu lokacin ƙunci saboda tukunyar makaranta a kife take. Don cike wannan giɓi ne wuraren cin abinci na sa kai domin yara suka fara ɓullowa daga gundumar Ota ta Tokyo a 2012, kuma zuwa 2024 sun haura 10,000.

Wa zai biya?

Najeriya ma ta taɓa wannan hanya. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a firamaren gwamnati, a kan Naira 70 kowane yaro, da nufin matan unguwa su dafa, manoman yankin su sayar. Shirin ya zauna a cikin shirye-shiryen tallafi, daga 2019 a ƙarƙashin ma'aikatar jinƙai, kuma a Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da 'yan uwansa saboda binciken kuɗi. Bambancin da ke tsakani a fili yake: a can abincin darasi ne mai malami da jadawali da ma'auni, a nan tallafi ne da ke tafiya da iskar siyasa. Ta fuskar motsi kuwa, yaron ƙauye a Jigawa ko Maraɗi ba ya buƙatar a koya masa tafiyar ƙafa ko shara. Wanda ke cikin haɗari shi ne na birni, da ake saukewa daga A Daidaita Sahu da biskit da lemon roba a jaka, a makarantar kuɗi da ke cikin gidan haya, babu filin da za a yi ko langa.

A Japan kanta maganar kuɗi ce ta zama kan gaba. Farashin shinkafa ya kusan ninkawa tsakanin 2024 da 2025, mai da ƙwai da madara suka bi sahu, malaman abinci suna ta musanya naman sa da kaza, kaza da awara, don kalori ya cika kuɗi bai wuce ba. A 2025 hoton wani tire daga birnin Fukuoka, mai ɗauke da yankan soyayyar kaza ƙwaya ɗaya a tsakiyar faranti, ya karaɗe intanet, iyaye suka yi ca, hukumar birnin ta yi alkawarin gyara.

Wani binciken ma'aikatar ilimi ya nuna cewa zuwa Satumban 2023 kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙananan hukumomi sun ɗauke wa iyaye kuɗin abincin gaba ɗaya, abin da ya sa yaron wannan gari yana ci kyauta, na garin da ke maƙwabtaka yana biya. A Fabrairun 2025 jam'iyyun da ke mulki a lokacin da jam'iyyar adawa ta Ishin suka amince a mayar da abincin firamare kyauta a duk ƙasar daga shekarar kuɗi ta 2026. Muhawarar da ta biyo baya ba a kan a ciyar ko kada a ciyar ba ce. A lokacin magadan gari suna tambayar nawa gwamnatin tsakiya za ta ba da a kan kowane yaro, malaman abinci suna fargabar kada ƙayyadadden kuɗi ya kore kayan gonar gida masu ɗan tsada daga tukunya, iyayen yaran da ke zuwa da ƙunshinsu saboda lafiya ko addini kuma suna neman a faɗa musu nasu kason.